Gwiwar Maharazu

Maharazu na Kafin Uwaisu ya fi shekara talatin yana hawan dabino, kuma ƙaya ta soke shi sau ba adadi. Duk wanda ya tashi a ƙasar Dutse ya san yadda gindin reshen dabino yake, ƙayoyi ne jere masu tsawon yatsa da tsinin basilla. In ta soke shi sai ya zare, ya matse jinin, ya ci gaba da yanka. Shi ya sa ran da ya shigo gida yana ɗingishi, a farkon bazara, shekara biyar bayan an gama yaƙin Bama na zamanin Turawa, matarsa Maijidda ba ta ko ajiye taɓarya ba. Ta dai yi masa sannu, ya ce ƙaya ce ta shiga gwiwa ta karye, ya zare abin da ya zaru.

Gidan mutum uku ne: shi, da ita, da mahaifiyarsa Dada, tsohuwar da idonta ya fara yin yana. 'Ya'yansu mata biyu duk suna ɗakin mazajensu, ɗaya a Ringim, ɗaya can wajen Kiyawa. Ƙanensa Isah ya tafi cin rani tun bayan girbi, ba a ji ranar dawowarsa ba. Abin da suke ci kuwa daga gona guda yake fitowa a bayan gari, sai itatuwan dabino tara da Maharazu ya gada a gindin dutse.

Kwana uku gwiwa ta kumbura ta yi sheƙi. Kwana biyar kaluluwa ta fito, zazzaɓi ya rufe shi. Aka kira Ɗanladi wanzami ya yi ƙaho, ya ce jini ne ya kwanta. Bayan mako ya dawo ya sa ƙarfe a wuta ya yi sakiya, mugunya ta fito har ta kusa cika ƙoƙo. Kowa ya ce an sami bakin ciwo. Kwana biyu Maharazu yana cin tuwo. A na uku ramin ya toshe, kumburin ya haura cinya.

Daga nan kwanakin Maijidda suka zama iri ɗaya. Ta ɗebo ruwa, ta dafa sassaƙe, ta gasa masa ƙafa, ta wanke tsummoki ta shanya, ta dama kunu ta tallafi kansa ta ba shi, ya amayar, ta share. Ta karɓo rubutu wurin liman ta ba shi ya sha, ta shafa masa saura. Namiji ne mai ƙashi, ko da ya rame, in ta ɗaga shi zuwa bayan ɗaki sai ta ji kamar ƙugunta zai tsinke. Wari ya kama ɗakin, har masu dubiya suka koma tsayawa daga bakin ƙofa, su yi addu'a su juya. Dada kuwa, da yake shi ne ɗanta na fari, ba ta shiga ɗakinsa, ba ta kama sunansa. Tana gindin rumbu tana kaɗi, sai Maijidda ta gifta ta ce mata, ba tare da ta ɗago ba, "Mutumin naki ya sha wani abu?"

Wata rana da hantsi, ciwon ya wuce kwana talatin, Maijidda tana jan guga a rijiya sai ta ji zuciyarta ta ce da ma a yi ta ta ƙare, ko ya tashi ko ya huta. Ta tsaya da igiya a hannu. Ta yi istigfari, ta ɗauki tulunta ta koma gida. Ba ta faɗa wa kowa ba, amma maganar ta zauna mata a ƙirji.

Maƙwabcinsu Albarka, mai kai tabarmi kasuwar Shuwarin, shi ya zo da labarin. Ya tsugunna a bakin ƙofar ɗakin ya ce ya ga wani maƙeri da ya sani, wanda hannunsa ya ruɓe har aka fid da rai, ga shi jiya yana bugun ƙarfe. Allura aka yi masa a disfensare, can cikin Dutse kusa da gidan Hakimi. Ya ce sabuwa ce, ba irin wadda aka saba ba.

Maharazu ya buɗe ido ya ce, "Can ne ake yanke wa mutane ƙafa. Ku bar ni da tawa, da ita za a rufe ni."

Maijidda ba ta da ƙarfin gardama. Daga gindin rumbu sai aka ji muryar Dada, ba da ƙarfi ba.

"A kai shi."

Washegari bayan asuba Albarka da Ɗanladi suka ɗora shi a kan jakin gidan, suka tokare ƙafar da tsumma da kara. Maijidda ta riƙe shi ta gefe ɗaya, Albarka ya ja jakin. Tafiyar da mai lafiya zai yi kafin rana ta yi zafi, su ba su isa ba sai hantsi ya dubi ludayi, domin hanyar ta ratsa tsakanin duwatsu, kuma duk tuntuɓen da jakin ya yi sai Maharazu ya yi nishi an tsaya.

Disfensaren ɗaki biyu ne na ƙasa da rufin kwano, da rumfa a gaba cike da mutane: masu tari, masu gyambo, mata da goyo. Mutum ɗaya ne ke duba su duka, Malam Muntaka, siriri, mai jajayen ido irin na wanda barci bai ishe shi ba. An ce a Bama ya koyi aikin, yana jinyar sojoji. Da ya leƙo ya ga yadda aka sauke Maharazu, sai ya ce wa na gaban layi su yi haƙuri, a shigo da shi.

Ya kwance tsummokin, ya daɗe yana duban gwiwar. Ya sa Albarka ya danne kafaɗu, ya wanke wurin da aidin, ya tsaga. Maijidda ta juya fuskarta ga bango. Da ta waiwayo sai ta ga ya miƙo mata wani abu a kan auduga, ɗan tsinke baƙi da bai kai rabin gaɓar yatsa ba.

"Ga kan ƙayar," in ji shi.

Ta dube shi, ta kasa yarda wannan ɗan abin ne ya cinye mata wata guda da kwanaki.

Malam Muntaka ya ɗaure gwiwar da bandeji. Ya je kusurwar ɗaki inda wata randa take binne cikin jiƙaƙƙen yashi, ya zura hannu ya fito da 'yar kwalba ƙarama. Ya ɗauko allura daga tukunyar da ke tafasa a kan risho. Kafin ya yi, sai ya juyo wurin Maijidda.

"Iya, ke ce mai kawo shi, saboda haka ke zan gaya wa. Sunan maganin nan fenisilin. Abin da ke cin ƙafar nan wasu ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, sun shiga tare da ƙayar, yanzu sun fara bin jini. Allurar tana kashe su, amma ba a rana ɗaya ba. Kwalba goma ce ta rage mini cikin waɗanda likita ya bari da ya zo rangadi, kuma ba zai dawo ba sai bayan wata. Kullum ɗaya, kwana goma, babu fashi."

"Ba za a ba mu mu tafi da shi gida ba?"

"Wa zai yi masa a can? Kuma zafi yana lalata shi, kin ga inda nake ajiye shi. Ki ji wannan da kyau: nan da kwana uku zai ji sauƙi, zai ce ya warke. Bai warke ba. In aka tsaya a nan, waɗanda ba su mutu ba za su sake tasowa."

Maharazu ya ce daga kwance, "Za a yanke?"

"Ni ba na yanke ƙafa, Baba. In kuna zuwa kullum, ina sa ran ba za a kai ga haka ba."

Haka suka shiga zirga-zirga. Albarka ya raka su rana ta farko da ta biyu, daga nan sai dai ya taya ɗorawa ya koma harkarsa. Maijidda ta riƙa tashi tun kafin kiran salla ta dama kunu, ta ajiye wa Dada nata, ta ja jaki da hannu ɗaya ta tallafi mijinta da ɗaya. A rumfa ta nemi mazan da za su sauke shi, a yi allura, a sake bandeji, ta nemi masu ɗorawa. Su dawo cikin ranar bazara mai ƙona tafin ƙafa. Ta iso ta tarar da daka da ɗiban ruwa suna jiranta. Dugaduganta suka tsage, ta riƙa cusa musu man kaɗanya da tsumma.

Amma maganin ya yi aiki. A rana ta uku zazzaɓin ya sauka, Maharazu ya yi gumi har tabarma ta jiƙe, ya nemi fura. Kumburin cinya ya saɓe, warin ya ragu. A ta huɗu har hira ya yi mata a hanya, yana nuna mata dabinon wani da aka bari ya wuce yanka. Rabonta da jin muryarsa haka tun kafin ciwon.

A ranar ce kuma, suna shiga gida, hadari ya haɗo daga gabas. Ruwa ya sauka tun la'asar, ya yi ta zuba har ƙasa ta ƙoshi. Ruwan shuka ne, kowa ya san shi, kuma ya zo da wuri.

Da gari ya waye babu namiji ko ɗaya a cikin Kafin Uwaisu. Duk sun fita da sungumi. Maijidda ta tarar da Albarka a bakin ƙofarsa yana ɗaure buhun iri, ya ce ta yi masa haƙuri har azahar. Ta san in an kai azahar an rufe disfensare. Ta koma ta tsaya a tsakar gida, jaki a ɗaure, akumari a hannunta.

Maharazu ya kira ta. Yana zaune ya jingina da bango, abin da bai iya yi ba makon jiya.

"Ajiye akumarin nan. Kin ga dai na samu sauƙi."

"Malamin ya ce babu fashi, Maigida."

"Malamin ba shi zai ciyar da mu ba. Kin leƙa rumbu kwanan nan? In laimar nan ta wuce ba mu shuka ba, kuma wani ruwan ya yi jinkiri, me za mu ci baɗi? Ni ba zan iya ba, Isah ba ya nan. Kwana ɗaya ne ko biyu."

Ta san abin da ke cikin rumbu, ita ke ɗiba. Gaskiya ya faɗa. Amma akwai wata gaskiyar da ba ta faɗa ba: da ta ajiye akumarin, sai ta ji wani sanyi a ranta, don yau ba za ta bi hanyar nan ta cikin duwatsu ba.

Ta ɗauki sunguminsa, wanda ya fi ta tsawo, ta tafi gona. Aikin mutum biyu ne, namiji yana gaba yana sara, mace tana baya tana zuba iri tana rufewa. Ita ta sara layi har ƙarshe, ta dawo ta bi shi da iri. Ba ta yi layi goma ba sai ta hango Dada tana tahowa tana dogara sanda. Tsohuwar ta karɓi ƙoƙon gero, ta riƙa laluben ramin da yatsan ƙafa, ta zuba, ta rufe da diddige. Haka suka yini. Washegari ma haka, domin ba su ci rabin gonar ba. Da la'asar ta biyu ƙasa ta fara bushewa, hannuwan Maijidda sun yi kanta sun fashe, sun dai shuka kamar kashi biyu cikin uku.

Da suka dawo ta tarar da Maharazu ya lulluɓa da bargo yana rawar sanyi, furar da ta ajiye masa tana nan bai taɓa ba. Ta taɓa gwiwar ta ji ta kamar an ciro ta daga wuta.

Da safe aka gwada ɗora shi a kan jaki, ya kasa zama. Kansa ya riƙa langaɓewa, yana sambatu, yana kiran mahaifinsa da ya daɗe da rasuwa. Albarka ya ce sai dai a ɗauke shi a kan gadon kara, mutum huɗu, kuma sai ya bi gonaki ya nemo su. Aka mai da shi ɗaki. Maijidda ta zauna a bakin ƙofa, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma tashi ta yi wani aiki ba. Rana ta yi ta hawa.

Bayan azahar aka yi sallama. Malam Muntaka ne, yana tura keke, ƙura ta cika ƙafafunsa har ƙauri. A bayan keken ya ɗaure gwangwani, a ciki akwai kwalba ɗaya naɗe da jiƙaƙƙen tsumma. Bai tsaya dogon gaisuwa ba. Ya ce a hura wuta a ba shi tukunya mai tsabta. Ya tafasa allura, ya shiga ya yi, ya buɗe gwiwar ya matse ya sake ɗaurewa. Sannan ya fito ya zauna a kan turmin da ke kife, ya karɓi ruwa ya sha.

Maijidda ta durƙusa nesa kaɗan. Ta ce, "Shuka ce, Malam."

"Na sani. Rumfata ma kwana biyu kusan babu kowa. Ni ma ɗan manomi ne."

Ta so a ce faɗa ya yi mata. Ya murza idonsa da bayan hannu, sannan ya ce, "Jiya an kawo mini wata mai jego, zazzaɓi ya kama ta. Na buɗe randa na dubi kwalaben nan shida, na ce in ba ku zo ba nata ne. Sai na ga in na raba muku, babu wanda zai ishe shi. Na ba ta ƙwayoyin da nake da su, na sa a nema mata mota zuwa Kano. Yanzu saura biyar. Ba zan iya zuwa nan kullum ba, Iya, mutane suna jirana. Kuma shi ba zai iya hawa jaki ba."

"To yaya za mu yi?"

"Ku dawo cikin gari ku zauna har a gama. Akwai Malam Falalu a unguwar Limawa, yana da ɗaki a soronsa da baƙi ke sauka. Na biya na yi masa magana kafin in taho."

Kafin magariba Albarka ya samo mutum uku, suka ɗauki Maharazu a kan gadon kara. Dada ta fito har bakin zaure, ta tsaya tana fuskantar inda ƙafafunsu ke yin ƙara, ta ce wa Maijidda kada ta damu da ita, matar Albarka za ta riƙa leƙo ta.

Malam Falalu dattijo ne mai koyar da littattafai, magidanta ke zuwa zaurensa ɗaukar karatu. Ya sa aka share ɗakin aka shimfiɗa sabuwar tabarma, ya yi wa majinyacin addu'a, ya ce wa Maijidda ta shiga cikin gida wurin iyalinsa, akwai mazan da za su kama shi in zai kewaya. Matarsa Hassana ta karɓe ta. Washegari, bayan Malam Muntaka ya biyo ya yi allura kafin ya buɗe disfensare, Hassana ta ajiye mata tuwo da miyar kuka. Maijidda ta dubi akushin. Kwana arba'in da wani abu ba ta ci abincin da wani hannu ya dafa ba. Ta ci, ta yi azahar, ta ce bari ta ɗan kishingiɗa. Ba ta farka ba sai da ta ji kiran magariba. Ta tashi a firgice tana neman mayafi.

"Zauna," in ji Hassana. "An ba shi kunu ya sha. Ki rama la'asar ɗinki, na ga ba barcin da za a tashe shi ba ne."

A rana ta uku zazzaɓin ya sake sauka. Da yamma suna zaune su biyu suna tsince wake, sai Maijidda ta ji bakinta ya buɗe da kansa. Ta gaya wa Hassana abin da zuciyarta ta ce a bakin rijiya. Ta gaya mata sanyin da ta ji ran da ta ajiye akumari. Ta ce tana tsoron ko ba don shuka ta ƙi kawo shi ba, don kanta ne.

Hassana ba ta daina tsintar waken ba. Ta ce, "Shekara biyu na yi ina jinyar mahaifina, ɓarin jikinsa ya mutu. Abin da zuciyata ta faɗa ya fi naki muni. Gajiya ce. Ran da zuciyar taki ta faɗi haka, kin koma kin wanke shi ko ba ki wanke ba?"

"Na wanke."

"To."

Ta miƙo mata wani faifan.

Ran allura ta ƙarshe Malam Muntaka ya kwance bandejin. Ramin ya bushe ya fara haɗewa, kumburi ya tafi, fatar ta yamutse kamar ta tsoho. Ya kama dunduniyar Maharazu da hannu ɗaya, ya sa ɗaya a ƙarƙashin gwiwar, ya ce ya lanƙwasa. Maharazu ya cije leɓe ya yi iya ƙoƙarinsa. Ƙafar tana nan miƙe kamar itace. Aka sake gwadawa, ba ta motsa ba.

"Ciwon ya mutu, Baba. Ka tsira da ranka da ƙafarka. Amma gaɓar ta daskare, ba na jin za ta sake lanƙwasuwa."

Maharazu ya yi hamdala. Ya daɗe yana duban rufin ɗakin, sannan ya ce, "Hawa fa?"

"A'a, Baba."

Da Malam Muntaka ya fita zai hau kekensa, Maijidda ta bi shi har ƙofar zaure. Ta tsaya daga ciki, ta ja mayafi.

"Malam, kwana biyun nan ne suka jawo?"

Ya riƙe kan keken bai hau ba. "Ban sani ba, Iya. Wata guda da kwanaki ciwon yana cin gaɓar kafin ku zo. Mai yiwuwa tun lokacin ta tafi. Mai yiwuwa kuma da ba a yi fashi ba da ta ɗan motsa. In na ce miki na sani, na yi ƙarya."

"Mai jegon nan fa?"

"An kai ta Kano. Ban ji labari ba tukuna."

Maijidda ma ba ta taɓa jin labarin ba.

Suka koma Kafin Uwaisu a kan jaki, ƙafar tana miƙe a gefe. Geron da suka shuka ya tsiro ya yi kyau. Sauran gonar kuwa, Albarka ya tara gayya aka shuka a ruwa na biyu, wanda ya yi jinkirin kwana ashirin, bai yi wani abin kirki ba. Noman fari da maimai Maijidda ta yi wanda za ta iya, Isah ya dawo a tsakiyar damina ya kama saura, shi ya karɓi hawan dabinon kuma. Hatsin da suka samu ya kai su, da ƙyar, da haɗawa da rogo.

Maharazu ya koyi tafiya da sanda, yana jan ƙafar a gefe. Salla a zaune yake yi. Shekarar farko ya zama mai saurin fushi, abu kaɗan sai ya yi tsaki ya juya wa mutum baya, Maijidda ta yi ta haƙuri da shi kamar yadda ta yi da ciwon. Daga baya ya kama tufkar igiya a ƙofar gida, Albarka yana haɗawa da tabarminsa ya kai kasuwa. Bai taɓa ta da maganar kwana biyun shuka ba, ita ma ba ta tayar ba. Ya ƙara shekara goma sha bakwai a duniya.

Bayan an gama girbin shekarar da ya yi ciwon, Maijidda ta kama zakaran da ya fi girma a gidan, ta ɗaure masa ƙafafu, ta ba Albarka ya kai wa Malam Muntaka. Da la'asar Albarka ya dawo da zakaran a hannu. Ya ce wani baƙo ya tarar a disfensaren, an yi wa Malam Muntaka canjin gari tun watan jiya, wasu sun ce wajen Ringim, wasu sun ce gaba da nan. Maijidda ta karɓi zakaran ta kwance masa ƙafa, ya ɗan tsaya yana tangaɗi, sannan ya bi kaji. Ta zauna a bakin ɗakinta ta miƙe ƙafafu, ta jima ba ta tashi ba.